Haƙƙin Ɗan Kaso a Kanmu: A Koya Masa Sana'a, a Tsare Masa Guminsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, tunatarwarmu ta yau a kan wasu mutane ce da ba mu ganinsu a sahun salla, kuma ba kasafai ake ambatonsu a huɗuba ba, wato ƴan kaso. Suna nan a Yamai da Kolo da Kutukale, suna nan a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, kuma mafi yawansu wata rana za a buɗe musu ƙofa su dawo unguwanninmu. Ko su dawo da sana'a a hannu, ko su dawo da dabarun ɓarna da suka koya wajen waɗanda suka fi su nisa a cikinta. Don haka nake ganin koyar da sana'ar hannu a gidajen kaso haƙƙi ne da ke kan al'umma, kuma ba ya sauka sai an gudanar da shi da amana.

Wani zai ce kaso wurin horo ne, me ya kawo ɗinkin hula da saƙar tabarma a ciki? Amsa ita ce, hukuncin da alƙali ya yanke shi ne tsarewa. Bai yanke wa kowa zaman banza ba, balle lalacewar hankali. Ban da haka, da yawa daga cikin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a ma tabbatar da laifi a kansu ba. Addininmu bai taɓa ɗaukar ɗaurarre kamar kayan da aka jefar ba. A cikin Suratul Insan, aya ta 8, Allah Ya yabi bayinSa na ƙwarai da ciyar da wanda ke tsare, Ya ambace shi tare da miskini da maraya. Bayan yaƙin Badar, kamammun da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, an sa kowannensu ya koya wa yara goma na Madina, hakan ya zama fansarsa. Aikin hannu kuwa ba abin raini ba ne: Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sulke yake ƙerawa, kuma daga aikin hannunsa yake ci, kamar yadda ya inganta a hadisi.

Sana'o'in ba sai an nemo su daga nesa ba. Damagaram ta shahara da jima da dukanci, fatar jar akuyar Maraɗi an san ta har ƙasashen waje, tabarmin kaba na Madawa da tukwanen Mirriya ba baƙi ba ne a kasuwanninmu. Akwai ɗinkin hula, da gafakar Alƙur'ani, da faifai, da gyaran ƙwarya, da tufkar igiya, da zayyanar allo. Yawancinsu ba su buƙatar wutar lantarki ko babban jari, kuma mutum na iya yinsu zaune a ƙaramin wuri.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne wajen gudanarwa. Wanda ke ɗaure ba ya iya zuwa kasuwa, ba ya iya yin ciniki, ba ya iya ƙin farashin da aka faɗa masa. Idan ba a yi tsari ba, abin da aka fara da sunan taimako sai ya koma cin gumin raunana. Magabata sun hango wannan. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya shawarci Halifa Haruna Rashid a cikin Kitabul Kharaj da a yanka wa ƴan kaso abin ciyarwa daga baitulmali, a naɗa mutumin kirki ya rubuta sunayensu, kowane wata ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya danƙa wa kowa nasa a hannunsa, don kada masu tsaro su cinye. Idan haka aka tsare abin da aka ba su, ina ga abin da suka yi wa gumi? Ya inganta cewa wanda ya sa mutum aiki ya hana shi ladansa yana cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama.

Saboda haka, abu na farko shi ne littafi. A rubuta kayan aikin da suka shiga, da abin da kowa ya yi, da farashin da aka sayar, kuma mai aikin ya ji da kunnensa. Na biyu, a cire kuɗin fata ko kaba ko zare, saura a kasa shi uku: wani ya biya buƙatarsa a ciki kamar sabulu da magani, wani a aika wa iyalinsa, wani a ajiye masa har ranar fita. Wannan rabon yana cikin ƙa'idojin kula da ɗaurarru da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda ake kira da sunan Nelson Mandela. Ƙa'idojin sun kuma hana a sa ɗan kaso aiki don amfanin wani ma'aikacin gidan, sun hana a tilasta wa mai jiran shari'a aiki. Ba su zo da abin da ya saɓa wa adalcin da muka sani ba.

Na uku, tsaro. Wuƙar dukanci da basilla da almakashi makamai ne idan sun faɗa hannun da bai dace ba. A ƙidaya su da safe, a ƙidaya su da marece, a kulle su wajen masu tsaron gidan, kuma duk abin da za a yi ya kasance da izinin shugaban gidan da ma'aikatar shari'a. Na huɗu, kada zaɓen masu koyo ya zama na mai kuɗi ko mai uwa a gindin murhu. A fara da matasa da waɗanda fitarsu ta kusa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mata su sami nasu wurin da mai koya musu mace. Na biyar, a tsaya idan lokacin salla ya yi, a bar lokacin karatu, kuma kada a sa kowa yin layu ko siffofin da shari'a ta hana don suna da kasuwa.

To, mene ne namu rabon, mu da ke waje? A kowane masallaci akwai baduku ko maɗinki ko masaƙi. Yini ɗaya a sati da zai bayar ya koyar, sadaka ce mai gudana. Kwamitin masallaci na iya tara sadaka ya sayi kayan aiki, ya kuma wakilta amintattu biyu su riƙa duba littafin. Ƴan kasuwa su karɓi kayan su saya da farashinsu na gaskiya, ba don tausayi ba, ba kuma da ragi don mai su ba shi da bakin magana. Masu koyarwa su matsa a kan inganci, domin kayan da aka saya don tausayi sau ɗaya ake sayensu.

Mafi nauyi shi ne ranar fita. Mutum ya fito da sana'a amma kowa na gudunsa, babu rumfar da za ta karɓe shi, babu mai ba shi bashin fata ɗaya: mun tura shi inda ya fito ke nan. Mai rumfa ya ba shi wurin zama. Mai zakka ya tuna cewa fakirin da ya fito kaso fakiri ne kamar sauran. Liman ya karɓe shi a sahu, kada a riƙa kiransa da laifin da ya riga ya biya. Allah Yana karɓar tuba, bai kamata mu fi ƙarfin karɓar mai tuba ba.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda aka tsare bisa zalunci, Ya shiryi waɗanda suka yi kuskure, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu. Wanda ya karanta ya isar wa limaminsa da kwamitin masallacinsu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.