Ɗumin motar tafi-da-gidanka: ina hayaƙin yake zuwa?



A Ingila da Jamus akwai masu kwana cikin motar tafi-da-gidanka ko da ƙanƙara na zuba. Hanyoyi uku suka fi amfani da su wajen ɗumama ta.

Na'urar Truma ta Jamus gas take ƙonawa, fanka ta hura iska mai zafi cikin bututu. Nan da nan ɗaki ya ɗumama, amma da an kashe sanyi ya dawo. Alde ta Suwidin ruwa take dafawa, gauraye da maganin hana daskarewa, ya riƙa zagaya bututun jikin bango. Tana da nawa da tsada, sai dai ɗuminta ya fi daidaito, kuma ba ta da ƙara. Webasto da Eberspächer kuwa dizal suke sha daga tankin motar, babu wahalar neman tukunyar gas, amma suna jan batir lokacin tashi.

Ni dai a ganina, wanda ya sayi kowacce daga cikinsu ya yi dabara, domin duka ukun wutarsu a rufaffen akwati take ci, iska ta shigo mata daga waje, hayaƙi ya fita waje. Mai ganganci shi ne wanda ya kunna murhun girki don jin ɗumi ya rufe taga. Kabon monoksaid yake shaƙa, iskar da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Wannan haɗarin ne ke cikin kaskon gawayin da muke shigarwa ɗaki da hunturu mu ja ƙofa. Don Allah, a bar taga a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta.