Dorina Ba Ta Yin Karen Gadi

Maƙalarmu ta wannan mako a kan kare take, kuma mun san wasu sun riga sun yatsine fuska. Ku daure ku karanta, don maganar ta shafi ƙafar ɗan wani.

Tun da tsaro ya taɓarɓare daga Maradun zuwa Bakura har cikin Talata Mafara, gidajen da a da ba su yarda kare ya gifta ƙofarsu ba sun fara kiwonsa. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa kwana yana kasa kunne ga ƙarar babura ya san darajar haushi. Rigimarmu da yadda ake horon ne. A samo ɗan kwikwiyo a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida inda ba ya ganin kowa, a riƙa barinsa da yunwa, yara su tsokane shi da kara, in ya kaɗa wa baƙo wutsiya maigida ya zane shi da dorina. Wai don ya yi zafi.

Yakan kuwa yi zafin. Bara da rani a unguwarmu irin wannan kare ya tsinke sarƙa ya cafke wani almajiri a ƙwauri. Maigidan ya fito yana ta ihun "sake shi, sake shi!" kare bai ma san da shi ake ba, sai da aka sa taɓarya. Yaron ya yi ta zaryar asibiti yana karɓar alluran rigakafin haukan kare, shi kuma karen aka kashe shi. Ɓarawo ko ɗaya bai taɓa kamawa ba.

Abin takaicin, muna da malamai a gida. Ku dubi tsofaffin mafarautan da kan fita bayan an gama girbi, lokacin da daji yake shiguwa. Ba mu ce hannunsu ba ya dukan kare ba, har kunne suna yanke masa, kuma wannan ma ba mu goyi bayansa ba. Amma ginshiƙin horonsu lada ne. Kwikwiyo yakan bi manyan karnuka ya koya. In an kama zomo ko gafiya, nan take a farke ciki a jefa masa kayan cikin, jinin da ɗumi. Daga nan ya gane cewa kawo nama wurin ubangidansa ya fi gudu da shi riba. Mafarauci zai yi fito sau ɗaya, kare ya juyo daga nesa. Wane mai dorina ne zai iya haka? Karen da ya saba shan duka in ya zo, me zai kawo shi in an kira?

Fiƙihun da muka karanta a zaure ma nan ya dosa. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, malamai kuma suka siffanta horarre da wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Tsayawar ita ce ma'auni. Cizo kam kowane kare an haife shi da shi.

Turawa ma da suka mai da abin wasan gasa, a nan suka tsaya. A Jamus aka kafa ƙungiyar masu kiwon karen nan da muke kira karen 'yan sanda a 1899, daga baya aka fito da jarrabawar Schutzhund, wadda yanzu ake kira IGP. Kashi uku ce: bin sawu da hanci, biyayya, sai kamu. A kashin ƙarshe mutum yakan sa hannun riga mai kauri, a tura kare ya cafke. Da an ce ya saki dole ya saki. In an faɗa sau uku bai saki ba, an fitar da shi daga gasar, komai ƙarfin haƙoransa. Karen unguwarmu da tun a nan ya faɗi.

Masu duka za su ce: ai a can ma ana hukunta kare. Gaskiya ne, kuma har yau masu horon suna musu a kai. Akwai masu sa wa kare abin wuya mai ƙayoyin ƙarfe, akwai masu sa mai jan lantarki, kuma sun ci kofuna da su. Sai dai ku lura inda iska ke kaɗawa. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta mai lantarkin a 2010, Jamus ta hana horo da mai ƙayoyin daga 2022. Wani bincike da aka buga a 2020 daga birnin Porto na ƙasar Fotugal, kan karnuka 92, ya samu cewa waɗanda ake horarwa da azaba sun fi nuna alamun firgici, sinadarin tashin hankali kuma ya fi hawa a yawunsu bayan horo. Karnukan gida ne aka gwada, ba na gadi ba, amma tsoro dai tsoro ne.

Mu ma ba mu ce a bar kare ya yi abin da ya ga dama ba. Tsawa ɗaya da jan igiya a daidai lokacin da ya yi kuskure gyara ne, muddin an riga an koya masa abin da ake so. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi a wannan ƙiftawar idon. Wanda ya dawo daga kasuwar Talata da yamma ya zane shi saboda kazar da ya kama da hantsi, abin da ya koya masa kawai shi ne dawowar maigida masifa ce. Wannan huce haushi ne, a daina kiransa horo. Kuma tsakani da Allah, wanda bai iya ware ƙanzon tuwo da minti goma kullum ya koya wa kare "zo", "zauna" da "saki" ba, bai kamata ya ajiye dabba mai haƙora a unguwar da yara ke bi zuwa makarantar allo ba.

Maƙwabcin namu ya sake samo wani kwikwiyo watan jiya. Mun leƙa ta kan katanga, sarƙar nan ce dai aka ɗaure guntunta da waya, dorinar kuma na rataye a jikin bishiyar dalbejiya.