Wanda Ya Gaza Aiki A Moriki, Ina Zai Kai Kukansa?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, watau maganar mutumin da ciwo ko rauni ya hana shi neman abinci. A ƙasar Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda irin waɗannan mutane ba su ƙidayuwa. Da can makafi ne da kutare da waɗanda shan inna ta shanye wa ƙafa. Yanzu kuwa ga waɗanda harsashin 'yan bindiga ya raba da hannu ko ƙafa sun ƙaru a kansu, galibi magidanta masu iyali.

To, in irin wannan mutum ya tashi neman taimakon Gwamnati, wace ƙofa zai buga? In ma'aikaci ne mai albashi, da sauƙi. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ba da aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya bisa ɗari na jimlar albashin da ya ke biya a asusun NSITF, daga nan a ke biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar fansho ta 2014 kuma ta yarda wanda likitoci suka tabbatar ya gaza aiki ya taɓa ajiyarsa tun bai cika shekara 50 ba. Amma mutum nawa ne a Moriki ke da albashi? Manomi da makiyayi da ɗan acaɓa ba su san hanyar waɗannan ofisoshi ba, ofisoshin ma ba su san da su ba.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Doka ce mai kyau, ba mu raina ta ba. Ta kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, ta keɓe musu kashi biyar bisa ɗari na guraben aikin Gwamnati, ta kuma shirya yadda za a ba su takardar shaida. Sai dai fa ba ta yanka wa kowa ko kwabo a wata ba, alhali kuwa takarda ba ta zama tuwo.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfin jiha. A 2007 Gwamna Sule Lamido ya soma biyan naƙasassun Jigawa Naira 7,000 kowane wata, Jigawa kuwa ba ƙasar mai ba ce. A Afirka ta Kudu likita ke duba mutum, in ya ga ba ya iya aiki a sa shi cikin masu alawus, na 'yan watanni ko na dindindin gwargwadon ciwonsa.

Mu a ganinmu haka ya kamata Gwamnatin Zamfara ta yi, ta kuma ɗaure abin da doka, don kada ya tsaya ga rabon shinkafa na watan azumi. Hukumar Zakka da Waƙafi tana nan tun zamanin Gwamna Ahmad Sani, ana iya jingina aikin da ita. Amma sharaɗi babba shi ne kada a ce sai gurgu ya je Gusau. Wanda ba shi da na koko, ina ya ga kuɗin mota, balle a hanyar da mai lafiya ma ke shiga da addu'a? A sa rana, likita da malamin rajista su zo ƙofar Sarkin Moriki, Dagaci da Liman su shaida, a duba mutum, a yi masa katin ɗan ƙasa in ba shi da shi, a rubuta sunansa nan take. Sa'an nan a karanta sunayen a bainar jama'a ranar kasuwa, domin mun sha ganin yadda a irin wannan rabo sunan makaho ke ɓacewa, na ɗan'uwan mai alƙalami ya fito da idonsa biyu garau.