Kuɗin sojojin baka akwai, na 'ya'yanmu ne babu?

Iyayena da 'yan uwana, shugabannin mata na ƙananan hukumomi 44 da na mazaɓu. Ku yi haƙuri da tsawon saƙon, raina ne a ɓace.

A zaman shugabanni na makon jiya na nemi jam'iyya ta saya mana fili na rabin awa duk mako a gidan rediyo, mu yi magana kan fyaɗe da dukan mata da sakin wulaƙanci. Amsar da na samu: babu kuɗi. Wani dattijo ma ya ƙara da cewa wannan tonon silili ne, a bar wa malamai. To Baba, da girmanka, ban yarda ba.

Ku kunna rediyo bayan isha'i ku ji. Sojojin baka ne ke bin juna, wannan ya zagi wancan, kuma kowane minti biyansa ake yi. Wa ke biya? Mu da muka sha rana a layin zaɓe da goyo a baya, rabin awa ta gagare mu?

Bari in gaya muku abin da ya tsaya min a rai. Wata baiwar Allah a unguwarmu, an lalata mata 'ya mai shekara tara. Ta yi mata wanka, ta wanke kayan, ta gasa ta da ruwan ɗumi, ta yi shiru saboda dangin miji sun ce a rufa asiri. Sai kwana na biyar ta zo min tana kuka. Ba ta san maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi ba. Ba ta san kayan da ta wanke shaida ne ba. Ba ta taɓa jin sunan cibiyar Waraka da ke asibitin Murtala ba, inda ake duba irin waɗannan yara. Ba ta da babbar waya, wannan saƙon nawa ma ba zai kai gare ta ba. Amma rediyonta na rataye a madafi tun asuba. Asirin wa aka rufa a nan? Na mugun ne, yana nan yana yawonsa.

Masu cewa a bar wa malamai, ai malaman za mu gayyato. A Islamiyya aka karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba. Malama ta zo ta faɗi wannan, ungozoma ta yi bayanin awa 72, lauya daga FIDA ta fassara mana dokar VAPP ta 2015 da Hausar da kowa zai gane, ta faɗa mana inda jiharmu ta tsaya a kanta. A buɗe layi mata su kira, ba sai sun faɗi suna ba. Sunan yarinya ko unguwarsu kuwa ba zai fita ba, wannan sharaɗi ne.

Kuma kada wani ya ce mana aikin Turawa ne. Nana Asma'u 'yar Shehu jajis ta riƙa turawa ƙauyuka su karantar da mata a cikin gidajensu. Da ƙafa suka je. Mu ga na'ura ta sauƙaƙa mana, sai mu zauna?

Ranar 25 ga Nuwamba ake fara kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, zuwa 10 ga Disamba. Bana ba na son mu tsaya a anko da ɗaukar hoto. Ina son shirinmu ya fara fita a ranar.

Kowace shugabar ƙaramar hukuma ta turo min sunan tashar da matan yankinta suka fi saurara, da lokacin da suke samun sararin ji, kafin Juma'a. Zan mayar da buƙatar a rubuce da sa hannunmu duka. In an sake cewa babu, za mu yi karo-karo kamar yadda muke adashi, kuma a shirin farko zan faɗa da bakina cewa mata ne suka biya.

A karanta wa waɗanda ba sa karatu, a tura sauran zaurukanmu. Wassalam.