Filin Kiwon Lafiya: Dashen Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa da Ciwon Makyarkyata

A garuruwan da ke kewaye da Kafanchan, daga Kagoro har zuwa Kwoi, ba a rasa dattijon da hannunsa ke karkarwa ko da yana zaune, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, har fartanya ta gagare shi a gonar citta. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce sammu. Alhali kuwa sau da yawa ciwon makyarkyata ne, wanda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana a 1817.

Asalin ciwon shi ne mutuwar waɗansu ƙwayoyin halitta a cikin ƙwaƙwalwa, masu samar da sinadarin dofamin, watau abin da ke daidaita motsin gaɓoɓi. Saboda haka masana suka yi tunanin ko za a iya dasa sababbi a gurbin matattun.

Da dabbobi aka fara. A 1979, a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Anders Björklund da Ulf Stenevi suka dasa ƙwayoyin ɗan tayin ɓera a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka lalata wa wannan sashe. Dashen ya kama, motsinsu ya gyaru. A 2017 kuma Jun Takahashi na Jami'ar Kiyoto a Japan ya ba da labarin biran da aka dasa wa ƙwayoyin da aka sarrafa daga jikin mutane baligai. Birai suka sami sauƙi, aka lura da waɗansunsu har shekara 2 ba a ga ƙari ya tsiro ba.

Amma fa ɓera ba mutum ba ne. A wani gwaji da aka bayyana a Amurka a 2001, waɗansu majinyatan da aka yi wa dashe sun wayi gari da fizge-fizgen da ba su iya tsayarwa. Gwajin Kiyoto da aka ba da sakamakonsa a 2025 kuwa, mutum 7 kaɗai ya ƙunsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

To, a nan ne ya kamata jama'a su yi hattara. Wannan dashe aikin tiyata ne a cikin kai, ba ƙwaya ko gari ba ne da ake tallarsa a tasha. Duk wanda ya ce wa iyali su sayar da gona ko buhunan citta don ya sabunta wa mahaifinsu ƙwaƙwalwa, macuci ne.

Abin da ke hannu shi ne maganin lebodofa, wanda ke rage karkarwa da sandarewa shekara da shekaru, ko da yake ba ya kawar da ciwon. A kai dattijo babban asibitin Kafanchan, in ta kama a wuce da shi asibitin koyarwa na Jos ko na Shika a Zariya. A kuma dinga taya shi motsa jiki, kada a bar shi kwance a ɗaki.