Mutum-mutumin Fim da Matsayin Ɗan Adam

Bayan karatun Magariba, wani ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda ya tare ni da tambaya. Ya kalli fim ɗin Indiya na 2010 wanda Rajinikanth ya fito a matsayin Chitti, mutum-mutumin da aka cusa wa fushi da soyayya, har ya zubar da hawaye sa'ad da Chitti yake kwance gaɓoɓinsa da hannunsa. Malam, in ji shi, wannan ba mutum ba ne?

Na ce masa a'a. Motsi da sauti ba su ne rai ba. Ɗan maraƙin da Samiri ya ƙera da kayan ado yana kuka, kamar yadda Suratu Ɗaha ta ba da labari, amma bai zama dabba ba, balle abin bauta. Tsuntsun yumɓun Annabi Isa (AS) kuwa da izinin Allah ya rayu. Ɗan Adam ruhi aka busa masa, aka ɗora masa amana, kuma hisabi na jiransa. Irin su Chitti ba a yi musu sallar jana'iza, ba su gādo. In sun yi ɓarna, mai sarrafa su ake tuhuma. Ko takardar zama 'yar ƙasa da Saudiyya ta ba Sophia a 2017 ba ta busa mata ruhi ba.

Hawayen nasa ban ga laifinsu ba, tausayi alheri ne. Sai dai a ƙofar masallacin akwai mata da yara da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. Na tambaye shi ko ya san sunan ɗaya daga cikinsu. Ya sunkuyar da kai.