Wa Zai Kare Dimokuraɗiyya Idan Talaka Ya Juya Mata Baya?

Bisa alƙaluman hukumar zaɓe, kusan kashi 69 cikin 100 na masu rajista ne suka fito zaɓen shugaban ƙasar Najeriya a 2003. A 2015 adadin ya sauko zuwa kashi 44, a 2019 ya koma 35, a watan Fabrairun 2023 kuwa bai cika 27 ba. Cikin mutum sama da miliyan 93 da ke kundin rajista, kimanin miliyan 25 ne suka je rumfar zaɓe, kuma da ƙuri'un da ba su kai miliyan 9 ba aka samu shugaban ƙasar da ke da jama'a fiye da miliyan 200. Wata biyar bayan wannan zaɓe, ranar 26 ga Yuli, sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasa a Yamai suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Kafin mako biyu dubban mutane sun cika filin wasa na Seyni Kountché suna yi wa masu juyin mulki jinjina.

Wanda ya yi zamansa a gida ranar zaɓe a Gusau da wanda ya fita yana tafi a Yamai abu guda suke faɗa: sun daina yarda cewa ƙuri'arsu na iya sauya halin da suke ciki. Wannan yanke ƙauna ya fi tankar yaƙi haɗari ga dimokuraɗiyya, domin soja ba ya samun ƙarfin halin fitowa daga bariki sai ya tabbata babu wanda zai tare masa hanya.

Masana tarihi kan mayar da asalin wannan tsari birnin Atina na ƙasar Girka, wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da wani jagora mai suna Cleisthenes ya karya lagon manyan gidajen da suka mallake birnin, ya mayar da yanke shawara hannun taron 'yan gari. Mazaje kan hallara a kan wani tudu su tafka muhawara kan yaƙi da sulhu da kuɗin baitulmali, sannan a ɗaga hannu. Yawancin muƙamai ba takara ake yi musu ba, sunaye ake zarowa bisa sa'a, don kada mai dukiya ya saye kujera. Sai dai mata da bayi da baƙi, waɗanda su ne mafi yawan mazauna birnin, ba su da bakin magana. Kuma kotun jama'ar wannan birni ce ta yanke wa malaminsu Socrates hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Tun daga nan duniya ta koyi cewa rinjaye kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da dokar da za ta kare wanda aka fi yawa.

Duk faɗaɗar da tsarin ya yi bayan haka, ƙwato ta aka yi. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John amincewa cewa shi ma doka na hawa kansa. Amurka ta yi shelar 'yanci a 1776, Faransa ta yi juyin juya hali a 1789, amma matan Amurka ba su samu cikakken 'yancin zaɓe ba sai 1920, baƙaƙen fatar kudancinta kuwa sai da dokar 1965 ta share musu hanya. Baƙar fatar Afirka ta Kudu sai 1994 suka zaɓi shugabansu.

Akwai masu cewa dimokuraɗiyya baƙuwa ce a ƙasar Hausa, Turawa suka kawo ta, don haka ba ta dace da mu ba. Gaskiya ne akwatin zaɓe da katin jam'iyya a ƙarshen zamanin mulkin mallaka suka zo. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsu, wato wa zai tsawata wa mai mulki idan ya kauce, ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Musulunci ya zo da shura. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wa sarakunan zamaninsa a littafin Kitabul Farƙ har da karɓar mulki ta gado da ƙarfin tuwo ba tare da shawara ba, da ɗora wa talakawa haraji iri-iri. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, mutanen da suka cika ta teloli ne da 'yan koli da manoma da malaman zaure. Sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalan En'e saboda kawai sun yi taron siyasa. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama a kan 'yancin mata, kuma matan Arewa ba su kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, shekara ashirin bayan takwarorinsu na Kudu. A Nijar ma an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, sannan ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago ne suka matsa lamba, har aka zubar da jinin ɗalibai a gadar Kennedy a watan Fabrairun 1990, kafin a kira babban taron ƙasa na 1991 da ya share fagen mulkin jam'iyyu da yawa. Abin da iyayenmu suka biya da fatar bayansu bai cancanci a kira shi kayan aro ba.

To me suka saya mana da wannan wahala? Dimokuraɗiyya ba ta taɓa yin alƙawarin cewa kowane shugaba zai zama adali ba. Alƙawarinta shi ne idan shugaba ya gaza, akwai ranar da aka tsayar da jama'a za su sauke shi ba tare da an zubar da jini ba, kuma kafin ranar ta zo suna da damar faɗa masa gaskiya su kwana a ɗakinsu. Mun ga wannan da idonmu. A watan Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta binne yunƙurin tazarcen Obasanjo. A 2015 Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, karo na farko da shugaba mai ci ya sha kaye a Najeriya. A Senegal, da Macky Sall ya ɗage zaɓen 2024, kotun tsarin mulki ta taka masa birki, mutumin da ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓe, Bassirou Diomaye Faye, ya zama shugaban ƙasa. A ƙarshen shekarar, Mahamudu Bawumia na jam'iyya mai mulki a Ghana ya amsa shan kaye a hannun John Mahama. Ko a cikin gida, ƙuri'ar talaka ce ta ɗora Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna a 1979, su kuma suka soke haraji da jangali, kayan da suka daɗe suna karya ƙashin bayan manomi da makiyayi.

Abin baƙin ciki shi ne waɗanda suka fi kowa shan romon dimokuraɗiyya su ne kan gaba wajen ƙwaƙule mata ciki. Kuɗi ne ɓarna ta farko. A 2022 APC ta sayar da fam ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sayar da nata miliyan 40, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin naira dubu 30 ne a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi aikin sama da shekara 270 bai ci ba bai sha ba kafin ya sayi fam ɗin APC. Daga nan sai cinikin daliget a zaɓen fidda gwani, sai kuɗin 'yan jagaliya, sai taliya da sabulu da atamfa a jajibirin zaɓe. Wanda ya kashe wannan dukiya kafin ya hau kujera, fanshe kuɗinsa da biyan uban gidansa ne za su zama aikinsa na farko.

Ɓarna ta biyu ta faɗa wa matakin da ya fi kusa da talaka. A zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 2018 APC mai mulki ta lashe duka 44. A na 2024, da mulki ya koma hannun NNPP, ita ma ta lashe duka 44. A watan Oktoban 2024 APC ta kwashe duka 23 na Kaduna. Jam'iyya ce ke sauyawa, ɗabi'ar tana nan. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma ciyaman ɗin da gwamna ya naɗa da sunan zaɓe, gwamna zai yi wa biyayya, ba mutanen mazaɓa ba.

Ta uku ita ce yadda zaɓe ke ƙarewa a gaban alƙalai. A watan Janairun 2020 Kotun Ƙoli ta ba wanda hukumar zaɓe ta ce ya zo na huɗu kujerar gwamnan Imo. A 2023 an yi wa jama'a alƙawarin za su ga sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, amma da aka zo kan na shugaban ƙasa sai aka ce na'ura ta samu tangarɗa. Ƙara da sauya sheƙar da zaɓaɓɓu ke yi zuwa jam'iyya mai mulki, su tafi da ƙuri'ar da aka ba su a ƙarƙashin wata tuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya samun hujja a wajen lauyoyi. A wajen mai jefa ƙuri'a kuwa darasi ɗaya suke koyarwa: wahalar layi ba ta da amfani.

Duk wannan yana faruwa ne a kan jama'ar da yunwa da tsoro suka yi wa ƙawanya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, kuma wannan tun kafin cire tallafin mai ne a 2023. A wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa. Da matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agustan 2024, an ga wasu a Kano da Kaduna ɗauke da tutar Rasha suna kiran sojoji. Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24. Wata uku bayan haka aka gurfanar da ƙananan yara a kotun tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi. Yaran nan ba su taɓa rayuwa a ƙarƙashin soja ba. Mulkin farar hula kaɗai suka sani, kuma fuskar da ya nuna musu ke nan.

Wajibi ne a faɗa musu abin da ba su gani ba. A ƙarƙashin soja aka ɗaure 'yan jarida da Doka ta 4 ta 1984, aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, aka rataye Ken Saro-Wiwa a 1995, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Kuɗin da aka wawure zamanin Abacha an shafe fiye da shekara ashirin ana dawo da su daga bankunan waje. Maƙwabtanmu ma sun isa misali. Sojojin Mali da Burkina Faso da Nijar sun zo ne da alƙawarin tsaro da gajeren riƙon ƙwarya. Burkina ta ƙara wa kanta shekara biyar a 2024. A watan Maris na 2025 aka rantsar da Janar Tchiani a matsayin shugaban Nijar na shekara biyar, aka rushe jam'iyyun Nijar baki ɗaya, Mali ta bi sahu a watan Mayu. Hare-haren masu iƙirarin jihadi ba su tsaya ba, abin da ya tsaya shi ne bakin mai tambaya. Fushin da jama'ar Sahel ke yi da Faransa da gurɓatattun 'yan siyasa yana da tushe, amma miƙa wuya ga wanda ba ka da hanyar sauke shi gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi a 2007 yana da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Rahoton da kwamitin ya miƙa a 2008 ya ba da shawarar a cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban hukumar zaɓe, a kafa hukumar hukunta masu maguɗi, a kuma kammala shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Manyan shawarwarin nan an jingine su. A ɗauko su a aiwatar. A ƙwace zaɓen ƙananan hukumomi daga aljihun gwamnoni. A rage kuɗin takara, a kuma binciki inda 'yan takara ke samo abin da suke rabawa. Jama'ar da suka taɓa cewa a kasa, a tsare, a raka don kare ƙuri'arsu, su dawo da wannan himma, su kuma ɗora ta a kan kansila da ɗan majalisa tsawon shekara huɗu, ba ranar zaɓe kawai ba. Malamai da 'yan jarida su daina zama 'yan amshin shatan duk wanda ke kan kujera.

Masu mulki kuma su duba tarihi da idon basira. Maguɗin zaɓen yankin Yamma na 1965 ya share fagen juyin mulkin Janairun 1966. Wata uku kacal gwamnatin Shagari ta yi bayan rantsuwa ta biyu a 1983. Shugaba Tandja na Nijar ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki don tazarce a 2009, sojoji suka ɗauke shi a watan Fabrairun 2010. Alpha Condé na Gini ya yi wa kansa wa'adi na uku a 2020, bai cika shekara ba aka hamɓarar da shi. Ali Bongo na Gabon kuwa a daren da aka ce ya ci zaɓen 2023 aka kifar da shi. Zaɓen 2027 ba gasar jam'iyyu ce kawai ba, gwaji ne na ko talaka zai sake yarda cewa hannunsa na iya ɗora shugaba ya kuma sauke shi. Duk mai mulkin da ya toshe wannan hanya ya buɗe wa mai bindiga ƙofa, shi kuma mai bindiga idan ya shigo ba ya shawara da kowa kan ranar da zai fita.